Gilashin Motata Da Ya Ƙi Zama A Rufe

Ranar da abin ya fara ina kan gadar Kawo ne a Kaduna da yamma, wajen ƙarshen watan Agusta. Hadari ya haɗo daga gabas ya yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗo yayyafi cikin mota. Na ja madannin gilashin gefena sau ɗaya kamar yadda na saba, na mayar da hannu kan sitiyari. Gilashi ya tashi lafiya lau, saura kamar faɗin yatsu uku ya rufe, sai ya tsaya cak, ya juya ya sauka har rabi. Na sake ja, ya sake komawa. Kafin in gangaro daga gadar in sami inda zan raɓe, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, hannun rigata na hagu da rabin kujera suka jiƙe sharkaf.

A nan bakin titi na gano dabarar da na yi ta lallaɓawa da ita kusan wata guda. Madannin hawa biyu gare shi. In ka ja shi har ƙarshe ka saki, gilashin zai tafi da kansa. In kuwa ka ɗan ja shi ka riƙe, iya riƙonka iya tafiyarsa. Da na bi da shi ta haka, kaɗan-kaɗan, sai ya rufe, amma da wani nishi da ban saba ji ba. Na yi hamdala na kama hanyar Unguwar Dosa. Ban san cewa duk ja ɗaya da nake yi, akwai abin da nake ƙara cinyewa a cikin ƙofar ba.

Motar 'yar Kwatano ce ƙirar Japan, samfurin 2007, shekararta bakwai a hannuna. Ita ke kai ni makarantar da nake koyarwa, ita ke sauke yara a tasu, kuma in larura ta taso cikin dare a layinmu, ƙofata ake fara bugawa. Ba na wasa da juyen mai, ba na wasa da birki. Ƙofa kam ban taɓa sa ta cikin lissafin abin da ke son kulawa ba, muddin tana buɗewa tana rufewa.

Wanda ya fara haska mini hanya wani abokin aikina ne, malamin fiziks. Muna zaune a ɗakin malamai na ba shi labari, sai ya ce, "Malam, kwanan nan ka sauya batir?" Na ce a watan Yuli. Ya jawo takarda ya zana mini. Ashe ɗan injin da ke ɗaga gilashin, wanda kanikawa ke kira moto, yana da maganaɗisu a jikin sandarsa, da wata 'yar na'ura, wato sansa, da ke ƙirga juyinsa. Da wannan ƙirgen ne ƙwaƙwalwar da ke kula da tagar take sanin inda gilashi yake da kuma saurin da yake tafiya. In yana hawa sai saurin ya faɗi tun bai kai ƙarshe ba, sai ta ɗauka hannun mutum ko wuyan yaro ne ya shiga tsakani, ta tsayar da shi ta mayar da shi ƙasa. Wani lokaci in an cire batir, takan manta inda ƙarshen yake, sai an sake koya mata.

A motata koyarwar ba wuya. Ka kunna makulli, ka sauke gilashin har ƙasa, ka ɗaga shi da riƙo har ya rufe, ka ci gaba da riƙe madannin na 'yan daƙiƙoƙi bayan ya kai. Kowace mota da tata hanyar, amma galibi ba sa nisa da wannan. Na yi haka a harabar makaranta, na gwada sau biyar, duka ya rufe da kansa. Na koma na yi wa abokina godiya. Kwana biyu aka yi, ranar na uku ya koma gidan jiya.

Abin da ya tayar mini da hankali sosai ya faru ne wata safiya. Uwargida ta fita shara, ta dawo ta ce, "Malam, a buɗe ka bar gilashi jiya?" Na ce da hannuna na rufe shi. Na fita na tarar da rata a sama wadda ɗan yatsa zai shiga, gilashin kuma ya ɗan karkata, bayansa ya fi gabansa sauka. Na ɗora tafin hannu na tura shi sama, ya tafi. Na danna ƙasa, ya dawo. Gidanmu na haya ne, motoci huɗu ke kwana a farfajiyar, get ɗin kuma ba kullum ake tunawa a sa masa kwaɗo ba. Ratar da yatsa zai shiga, waya ma za ta shiga ta ɗaga sakata. Daga ranar na daina barin ko takardar mota a ciki, na koma cusa nannaɗaɗɗen kwali tsakanin gilashi da roba in zan kwanta.

Ranar Asabar na kai ta wani gareji wurin rewaya, wato mai gyaran wutar mota. Saurayi ne mai zafin nama, motoci sun yi layi a gabansa. Ya ja madannin sau biyu, bai ko buɗe ƙofar ba, ya ce, "Alhaji, sansa ce ta rikice. Abu mai sauƙi. Mu cire ta daga layi, mu ba moton wuta kai tsaye, in ka ja zai tafi har sai ya rufe, ko me ya tare shi. Minti talatin ka ɗauki motarka."

Kalmar "ko me ya tare shi" ita ta tsaya mini a rai. Ina da 'yar auta mai shekara huɗu. Kullum na dawo, tun ban gama tsayawa ba za ta sheƙo da gudu tana "Oyoyo Abba", ta yi ɗage ta kama bakin gilashin da hannu bibbiyu. Sau tari a daidai wannan lokacin ne nake jan madanni don in rufe in fito, idona yana kan jaka ko waya. Ban da ita ma, duk wanda ke tuƙi a garin nan ya san hannu nawa ke shigowa ta tagar direba a rana ɗaya. A danjojin Ahmadu Bello Way da Ali Akilu, mai fiya wata zai miƙo, mai gyaɗa zai miƙo canji, almajiri zai ɗora yatsu a bakin gilashi yana roƙo. Na ce masa a'a, ba na son a taɓa wannan. Ya ɗaga kafaɗa ya ce shi ke nan, to bari yaro ya sa wa robar mai ko za ta saki. Na tafi sallar la'asar. Da na dawo na tarar an tsoma tsumma cikin baƙin mai an shafe hanyar gilashin hagu da dama. Ya yi aiki kwana huɗu. Bayan nan gilashin ya riƙa fitowa da baƙin zane a gefe, nauyinsa kuma ya fi na da.

Wani direban motar haya da muke sallah masallaci ɗaya shi ya kwatanta mini wani dattijo a garejin Kurmin Mashi, ya ce ba ya taɓa inji, ba ya taɓa giyar mota, aikinsa ƙofa da makulli da gilashi kawai. Na isa wurinsa da hantsi ranar wata Asabar ta ƙarshen Satumba. Rumfar kwano ce 'yar ƙarama, ƙofofin motoci jingine a bango kamar allunan makaranta, shi kuma yana zaune kan benci da tabarau a karan hanci.

"Salamu alaikum, Baba, barka da aiki."

"Wa alaikumus salam, Malam, sannu da zuwa. Me ke damun ta?"

Na kwashe labari tun daga gadar Kawo na faɗa masa, bai katse ni ba. Da na zo kan baƙin mai sai ya girgiza kai kawai. Ya sa na tayar da mota, ya ɗora mitarsa a kan batir. A kashe ta nuna bolt 12 da ɗoriya, a kunne ta haura wajen 14. Ya ce wuta lafiya take, a cire batir daga zargi. Sannan ya ce in kashe rediyo da fanka, ya kara kunnensa a jikin ƙofar, ya ce in ɗaga a hankali. Ni ma da na kasa kunne na ji. Ban da nishin moton, akwai wani ƙas-ƙas siriri, kamar ana jan tsintsiya a kan kwano. Ya miƙe ya kama gilashin da tafukansa biyu, ɗaya ciki ɗaya waje, ya motsa shi sama da ƙasa.

Ya ce, "Ka ga wannan wasan da yake yi? Moto mai lafiya ba a tura shi baya. Haƙorinsa irin na sukurun nan ne, shi yake juya faifai, faifai ba ya iya juya shi. Shi ya sa gilashi ke tsayawa inda ka bar shi. In ka ga yana sauka da kansa, to tsakanin moto da gilashi wani abu ya saki. Sansarka kuwa gaskiya take faɗa maka. Ta ce akwai abin da ke riƙe gilashi, kuma akwai shi. Ba hannun mutum ba ne kawai."

Ban taɓa ganin cikin ƙofar motata ba sai ranar. Sukurori uku ne ke riƙe da rufin cikin, duka a ɓoye: ɗaya bayan marikin buɗewa, ɗaya a gindin ramin da ake kamawa a ja ƙofa, ɗaya a gefe ƙarƙashin wani ɗan murfi. Sauran duk maƙalan roba ne. Baba ya naɗe bakin sukundireba da tsumma don kada ya kankare fenti, ya bi gefe-gefe yana ɓalle su ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ɗaga rufin sama ya zare, ya cire soket ɗin madannai. Yaronsa ya kai hannu zai finciko, ya daka masa tsawa, ya ce maƙalan nan sun sha rana shekara da shekaru, in aka yi musu gaggawa karyewa suke yi, daga nan ƙofa ta fara kaɗa ganga a kan hanya. Ya kuma nuna wa yaron cewa duk motar da ya buɗe ya ga soket mai ruwan ɗorawa, na jakar iska ne, ya kiyaye shi.

Bayan rufin akwai wata leda da aka manne a jikin ƙarfen. Tawa a yage take daga ƙasa, an yi mata babbar ɓaraka wajen sifika. Na tuna shekara uku da suka wuce na sa an sauya mini sifikar, ban tsaya a kai ba. Baba ya ce mutane na ɗaukar ledar nan shara ce ta kamfani, alhali ita ke hana ruwa isa ga madannai da rufin ciki. Domin ita ƙofar mota ba a yi ta don ta hana ruwa shiga cikinta ba. Ruwa yana bin jikin gilashi ya gangara ciki, sai ya fita ta wasu 'yan ramuka da ke gindin ƙofar. Ya haska fitilar wayarsa ciki ya ce in leƙa. Ramukan nawa sun toshe da laka, ruwa ya kwanta a gindin ƙofar har ya yi kore.

Kafin ya kwance komai, ya ɗaga gilashin sama da hannu, ya shimfiɗa tsumma a kan firam ɗin ƙofar, ya ɗaure gilashin da salatif mai faɗi daga ciki ya tsallaka zuwa waje, layi uku. Gilashin gefe ba irin na gaba ba ne. Na gaba in ya fashe yana nan manne da ledar da ke tsakiyarsa, na gefe kuwa in bakinsa ya bugi ƙarfe, gaba ɗaya yake rugujewa ya zama tsakuwa. Ya kuma cire soket ɗin moton kafin ya zura hannu, ya ce ya san wanda ya rasa farce saboda yaro ya taɓa madanni hannunsa yana ciki. Da sifana mai lamba 10 ya kwance notin da ke riƙe gilashi da waɗanda ke riƙe injin, ya karkata shi ya zaro ta babban ramin ƙofar, ya shimfiɗa a kan benci.

Gani ya kori ji. Injin gilashin dogon ƙarfe ne guda, da wani ɗan dandamali da ke hawa da sauka a jikinsa, shi ne gilashi ke zama a kai. Igiyar ƙarfe siririya, irin ta birkin keke, ta taso daga wata 'yar ganga da moton ke juyawa, ta zaga ƙaramar taya a sama da wata a ƙasa, ta kama dandamalin ta gefe biyu. Igiyar tawa ta yi tsatsa, silinta sun tsinke sun yi cirko-cirko wajen tsawon ɗan yatsa, su ne ke ƙas-ƙas ɗin da muka ji. Tayar sama ta roba ce, ta tsage, igiyar ta ci ta ta yi rami. Da Baba ya ja dandamalin da hannu, sai ya motsa kusan faɗin yatsa ba tare da gangar ta juya ba. Ya ce ga ratar da uwargida ta gani. Ka rufe gilashi, ka buga ƙofa, nauyinsa ya ja sakin igiyar ya zauna ƙasa.

Na ɗauka an gama gano ciwo, sai ya ce wannan ɗa ne, bari ya nuna mini uwar. Ya zare robar da gilashin ke bi, wadda ta zagaye firam ɗin taga ta gangara cikin ƙofa. Cikinta ya kamata ya zama da laushi kamar gashin karammiski. Tawa ta cika da busasshiyar laka ja, ta yi tauri kamar siminti, a kusurwar sama ta gaba har sai da ya sa sukundireba ya ɓanɓaro. Inda aka shafa baƙin mai kuwa robar ta kumbura ta yi danƙo, ta ƙara matse hanyar. Ya ce irin wannan roba ba ta shiri da man fetur da danginsa, sha take yi ta kumbura.

A nan ya jera mini yadda abin ya taru. Kowane hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ƙurar Kaduna tana shiga hanyar nan. Damina ta zo ta jiƙa ta ta zama laka, rani ya gasa ta. Shekara bakwai a hannuna, ban da waɗanda ta yi kafin ta zo, ba wanda ya taɓa wanke wurin. Gilashi ya yi nauyi, moto yana ja da ƙarfi, igiyar da ke kwana cikin danshi ta fara tsinkewa, taya ta tsage, gilashin ya karkata ya ƙara cijewa a kusurwa. Da cijewar ta kai wani matsayi, ƙwaƙwalwar ta fara mayar da shi. Ni kuma da na koma ɗaga shi da riƙo, a motata wannan hanyar tana tsallake kariyar, sai na riƙa tilasta masa wucewa ta inda ya ƙi. Baba ya ce da an ba shi wuta kai tsaye, da bai fi mako biyu ba igiyar za ta tsinke gaba ɗaya gilashi ya faɗa cikin ƙofa, ko moton ya ƙone.

Ya gwada moton shi kaɗai a soket ɗinsa, ya juya gaba da baya sumul. Ya ce kada in yarda a sayar mini da wani, nawa na asali ne. Abin da nake bukata ƙarfen da igiyarsa, sai robar hanya. Ya haɗa ni da babban yaronsa, ya ɗaure tsohon injin a buhu ya ce mu tafi da shi, kada mu sayi komai da baki. Muka tari Keke zuwa Panteka, kasuwar kayan gyaran mota.

Nan ma sai da aka yi ɗan dogon zance. Shagon farko suka kawo sabo fil a kwali, da motonsa haɗe, kuɗinsa ma bai kai na Baljiyam ba. Ni har na fara sha'awa. Yaron Baba ya juya shi ya nuna mini soket ɗin: ƙafa biyu ne kacal. Nawa ƙafa shida. Biyun nan wuta ce kawai ta hawa da sauka, sauran su ne na ƙirgen juyi. Wato da na saye shi, da na biya kuɗi na sayo abin da na ƙi a garejin farko. A shago na biyu aka sami irin nawa, amma na ƙofar dama, su kuwa hagu da dama kamar takalmi suke. Sai a na huɗu muka dace. Yaron ya naɗe yatsa da tsumma ya bi igiyar daga farko har ƙarshe don ya ji ko akwai silin da zai kama zaren, ya duba tayoyin biyu a rana, ya ɗora tsohon a kan sabon ya ga ramukan noti sun hau juna. Mai shagon ya ce shi ba ya raba moto da ƙarfe. Muka yi ta ciniki, ya ce albarka, muka juya kamar za mu tafi, ya kira mu. A ƙarshe ya cire motonsa ya riƙe, ya rage kuɗi, ya kuma zaro mana robar hanya daga wata ƙofar irin tawa da ke rataye a shagon. Muka yi sharaɗi in bai hau ba za mu dawo da shi a ranar.

Mun koma bayan azahar, muka tarar Baba bai zauna ba. Ya buɗe ramukan gindin ƙofar da guntun waya, ruwan ya tsiyaye, ya goge cikin. Ya wanke gefen gilashin da ruwan omo har baƙin man ya fita. Robar da muka kawo ma bai yarda da ita haka nan ba, sai da ya sa ta a bokiti ya bi cikinta da tsohon buroshin haƙori, ya shanya a inuwa. Yana aiki yana ba ni labarin cewa shi a kan Peugeot ya koyi sana'a, lokacin da ake haɗa 504 a Kakuri, masana'antar da ta fara aiki a 1975. Ya ce injin gilashin wancan zamani ƙarfe ne mai haƙora da ake wainawa da hannu, in ya yi nauyi dantsenka zai gaya maka tun da wuri. Na yanzu kuwa yatsa ba ya jin nauyi, moto ne ke shan wahalar a ɓoye. Na tuna 504 ɗin mahaifina, da yadda muke rigima da ƙannena kan wanda zai waina gilashi in za mu Zariya.

Wurin ɗora tsohon moton a kan sabon ƙarfen ne na ga ya fi nutsuwa. Ya danne gangar igiyar da babban yatsa, ya ce in ta kuɓuce ta warware, mayar da ita aikin yini ne. Ya saita bakin moton ya shiga, ya ɗaure sukurori uku. Ya shafa farin giris siriri a jikin dogon ƙarfen da tayoyin, ya ce giris na ƙarfe ne, kada ya kusanci roba. Ita robar, bayan ya mayar da ita mazauninta yana dannawa da yatsa tun daga kusurwa, sai ya fesa mata man silikon na gwangwani, wanda ke bushewa ya bar santsi ba ya kama ƙura.

Wani abu da ya yi wanda ba zan manta ba shi ne ɗaurin notin gilashi. Ya cire salatif, ya sauke gilashin a hankali ya zauna kan dandamali, ya sa notin biyu amma bai matse ba. Ya mayar da soket, ya ɗaga gilashin har ya shige robar sama ya daidaita kansa, ya duba ta waje ya ga bakin ya kwanta daidai daga gaba har baya, sannan ya ɗan sauke shi zuwa inda sifana za ta kai, ya matse. Ya ce da yawa a nan suke kuskure, su matse gilashi a karkace, sabon inji ya fara cin kansa tun ranar farko. Ya gwada hawa da sauka ya fi sau goma ƙofar tana buɗe ba rufi. Nishin nan ya ɓace, sai wani siririn sauti mai daɗin ji. Sannan ya yanko sabuwar leda mai kauri, ya manne ta da gam ta rufe ko'ina, ya sauya maƙalai biyu da suka gaji, ya mayar da rufin.

Ya sake koya wa ƙwaƙwalwar iyakarta kamar yadda abokina ya nuna mini. Ya ja madanni sau ɗaya ya saki, gilashi ya tafi ya rufe ruf, ya zauna. Ya buga ƙofar da ƙarfi sau uku, ya sa tafin hannu ya danna gilashin ƙasa, ko motsi. Na sa hannu a aljihu, ya ce in dakata, saura gwaji ɗaya. Ya ɗauko gorar ruwa ta roba da ba komai ciki, ya sauke gilashi rabi, ya riƙe ta a saman taga, ya ja madannin. Gilashin ya taɓa gorar, ya ɗan lotsa ta, nan take ya juya ƙasa. Ya maimaita a gaba, ya maimaita a baya. Ya ce kada in taɓa yin wannan gwajin da hannuna, kuma kada in sake jiki da shi, domin daf da rufewa, in rata ta rage 'yar mitsitsiya, kariyar ba ta aiki, yatsan yaro kuma siriri ne.

Daga baya abokina malamin fiziks ya ƙara mini bayani. Ƙa'idar da ake bi a Turai da Amurka ga gilashi mai irin wannan kariya ita ce kada matsinsa ya wuce niyuton 100 kafin ya juya. Ya ce in kwatanta da nauyin kilo 10, wato jarkar ruwa mai lita 10 a ɗora a kan yatsa. Wannan fa shi ne mai kariyar. Na daɗe ina juya lissafin nan a raina, ina tuna hannuwan 'yar autata a bakin gilashi.

Kuɗin aikin da Baba ya faɗa bai kai abin da na zata ba, na ƙara masa, na ba yaransa na abinci. Ya ce duk ƙarshen hunturu in naɗe tsumma mai ɗanshi a jikin siririn icce in bi hanyar gilashin, in fesa silikon in ta bushe, in kuma riƙa leƙa ramukan gindin ƙofa in damina ta kama. Mun yi sallama ana kiran la'asar. A hanyar dawowa ta baifas aka fara yayyafi, na ja madanni sau ɗaya ya rufe.

Washegari Lahadi na fito da bokiti da buroshi na bi sauran ƙofofi ukun. Jar lakar da ta fito daga ta gaba ta dama ta kusa cika murfin gora. Na baya biyun ba su kai haka ba, sai dai ta hagu, wadda yara suka fi wasa da ita, da na kara kunne na ji ɗan ƙas-ƙas ɗin nan a can ƙasa. Na danna makullin da ke hana madannan baya aiki, na kira Baba na gaya masa. Ya ce kada a sake sauke shi, in kawo ta Asabar mai zuwa da sassafe kafin rumfar ta cika.